Wa Ya Sa Hannu Aka Rushe Ƙofar Na'isa?

 

Duk wanda ya taɓa yunƙurin ɗora bene a kan gidansa a cikin Kano, ko ya fasa katanga ya fitar da shago, ya san ma'anar neman izini. Za a ce ka kawo takardar fili, ka kawo zanen gini, ka biya kuɗin kaza, ka dawo jibi, jibin nan ta koma wata guda. In ka gaji da jira ka fara aiki, wata safiya za ka fito ka tarar da jan fenti a jikin bangonka. Ba mu ce wannan zalunci ba ne, domin gari ba ya zama gari sai da tsari. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, in har ɗakin bulo na jiya-jiya yana buƙatar wannan zirga-zirga, wace irin takarda ya kamata a nema kafin a taɓa ginin da ya girmi kakan kakanmu?

A shekarar 2010 aka sa katafila ta kwantar da Ƙofar Na'isa domin a faɗaɗa titi. Ƙofa ce da ake ƙiyasta ta kai kimanin shekara 500, kuma tana cikin abin da dokar tarayya ta ba kariya. Hukumar da ke kula da kayan tarihi ta ƙasa ta fito ta nuna rashin amincewarta, jaridu suka yi rubutu, masana suka yi tir, aka yi kwanaki ana surutu, sai ƙura ta lafa. Aka gina wata da siminti aka laƙaba mata sunan tsohuwar. Yau yaron da aka haifa a shekarar ya zama saurayi, yana wucewa ta wurin a adaidaita sahu, yana zaton abin da yake gani shi kakanninsa suka bari.

Tambayarmu ɗaya ce, kuma a kanta za mu tsaya: wa ya sa hannu? In akwai izini, ina takardar? In babu, wa aka hukunta?

Mu fara da abin da ake magana a kai, don kada wani ya ce tarin ƙasa ne kawai. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwar. Aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499), aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Da hannu aka gina ta, da kwando aka ɗebo ƙasarta, da aikin gayya aka riƙa gyara ta in damina ta zaizaye ta. Kowace ƙofa tana da sarkinta, mai rufe ta in dare ya yi, mai sanin wa ya shiga wa ya fita. Ko Turawan da suka ci garin da yaƙi a 1903 ba su share ta ba. Daga baya aka ayyana badala da ƙofofinta a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Daga ranar ta zama abin da ba gwamna, ba sarki, ba attajiri, ba mai unguwa da ke da ikon taɓawa shi kaɗai.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1953. Tsarinta a takarda ba shi da wuyar fahimta. Kafin a sa wuri a rajista ana buga sanarwa a jaridar gwamnati, mai wurin yana da damar kawo ƙorafi. Da zarar an ayyana shi, ba wanda zai rushe shi, ko ya sauya masa kama, ko ya tona shi, ko ya ɗauke wani ɓangarensa, sai ta hanyar da dokar ta yarda, wato da amincewar hukumar. Wanda ya yi gaban kansa, hukuncinsa tarar naira 1,000 ne ko ninki biyu na darajar abin da ya ɓata, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin wata 12, ko duka biyun.

Ku sake karanta adadin nan. Naira dubu ɗaya. A 1979, lokacin da naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, kuɗi ne da za su sa mutum ya yi tunani. Yau ba za su saya maka kwanon shinkafa ba. Wani zai ce ai akwai batun ninki biyu na daraja. To, wane dillali ne zai yi wa Ƙofar Na'isa kuɗi? A wace kasuwa ake sayar da irinta da za a kwatanta? Abin da ba shi da farashi shi ya fi sauƙin ɗauka a matsayin banza a gaban mai lissafin kwangila.

Ku ajiye wannan a gefe guda, ku ɗauko wannan. A 2023, bayan gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi, masu shagunan suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, kotu ta yanke a biya su diyyar naira biliyan 30. Ba muna jayayya da hukuncin ba ne, kuma ba muna cewa ɗan kasuwa bai cancanci kotu ta saurare shi ba. Muna dai nuna muku ma'aunin ƙasarmu. Shagon da bai shekara goma ba yana da mai shi, yana da lauya, yana da ƙungiya, yana da adadin da za a rubuta a takardar ƙara. Badala mai shekara 900 ba ta da ko ɗaya. Marainiya ce a tsakiyar 'ya'yanta.

Me ya sa dokar da ke rubuce ba ta aiki? Mun ga dalilai uku, kuma duk cikinsu ba wanda ya faɗo daga sama.

Na farko, badala baiwa ce mai iyayengiji biyu. Ginin na tarayya ne a ƙarƙashin dokar 1979. Ƙasar da yake tsaye a kai kuwa, Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ta a hannun gwamnan jiha. Takardar mallakar fili daga jiha take fitowa, izinin gini daga hukumar tsara birane ta jiha yake fitowa. Je ka tsaya a gaban duk wani shago ko gareji ko gidan mai da ya jingina da inda badala take, ka tambayi mai shi. Zai fito maka da takardu biyu masu hatimi, ya ce ga shaidata. Tambaye shi ta uku, ta hukumar kayan tarihi, ka ga irin kallon da zai yi maka. Shi a iya saninsa ya cika ƙa'ida. Ofishin da ya ba shi filin ne ya kamata ya fara neman waccan takardar kafin ya yanka, kuma abin da ido ke gani a gefen badala ya isa shaida kan ko ana nema ko ba a nema. Mu tuna kuma, ita kanta Dokar Filaye amana ta kira abin da ta ba gwamna. Mai riƙon amana ba ya raba kayan marayu ga abokansa ya ce ai takarda ta halatta masa.

Na biyu, mai dokar barci ne ya ɓuge da gyangyaɗi. Talaka yana satar ƙasar badala da kwando, amma katafila ta gwamnati ce, ko ta ɗan kwangilar gwamnati. Idan wanda ke da 'yan sanda da kotuna da baitulmali shi ne mai rushewa, ƙaramin ma'aikacin gidan tarihi da ke zaune a Gidan Makama, wanda ko motar zagaye sai ya yi roƙo, me zai iya? Zai rubuta wasiƙa zuwa Abuja, kafin amsa ta dawo an zuba kwalta. Kuma kada kowa ya kawo mana siyasa a nan. Gwamnatoci sun zo sun wuce, masu hula kala-kala, kowacce ta bar tabonta: wannan ta faɗaɗa titi, waccan ta gina gada, wata ta yanka filaye. Yawancin ƙofofin da muke nuna wa baƙi yau siminti ne da fenti. Wanda duk ya ce jam'iyyarsa ce kaɗai mai tsarki a wannan batu, ko bai san Kano ba, ko yana raina mana hankali.

Na uku, shi kansa izinin a ɓoye yake. A cikinmu nan akwai lauyoyi, akwai injiniyoyi, akwai malaman jami'a. Wa ya taɓa ganin sanarwa a jikin wata ƙofa cewa an nemi izinin sauya ta, mai ƙorafi ya kawo kafin rana kaza? Wa ya taɓa jin an karanta irin wannan a rediyo, a garin da ko akuya ta ɓata sai an yi cigiya? Izinin da jama'a ba su san an nema ba, ba su san an bayar ba, ba su san dalilin bayarwa ba, da shi da babu duk ɗaya ne. Mu dai sai mu wayi gari mu ga ƙura, sannan mu hau Facebook mu yi ihu bayan hari.

Akwai kuma wata dabara da ta fi katafila wayo, domin ita ba ta buƙatar sa hannun kowa. A ƙyale gini kawai. Kada a yaɓe shi, kada a gyara masa indararo, a bar damina uku ko huɗu su yi aikinsu. In ya tsage ya karkata, sai a kira 'yan jarida a ce ga shi nan zai kashe mutane, dole a kawar da shi. Ruwan sama ya zama ɗan kwangila, sakaci ya zama izini. Dokar da ke hukunta mai rushewa amma ta yi shiru kan mai sakaci, ta rufe ƙofa ne ta bar taga a buɗe.

Yanzu bari mu saurari masu ja da mu, domin suna da hujjoji, kuma wasu hujjojin masu nauyi ne.

Suna cewa gari ya cika, motoci sun yi yawa, ƙofar da aka gina domin jaki da raƙumi ba za ta ɗauki tirela ba. Gaskiya ne. Duk wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoso da mara lafiya a mota ba zai raina faɗin titi ba. Amma wa ya ce mu masu hana taɓa badala ne har abada? Kakanninmu sun taɓa ta. Rumfa ya faɗaɗa, Nazaki ya faɗaɗa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero aka buɗe Sabuwar Ƙofa, sunanta ma ya faɗi labarinta. Da buƙata ta zo, sai aka ƙara ƙofa, ba a share wadda ake da ita ba. Abin da ake yi a tsofaffin birane da yawa na duniya ke nan: titi ya ratsa ta gefe, tsohuwar ƙofa ta tsaya a tsakiya ko a gefe, masu ƙafa su riƙa bi ta cikinta. Aikin neman izini ke nan tun asali, ya tilasta wa injiniya ya zauna ya zana hanya ta biyu da ta uku kafin a yarda cewa babu makawa sai an rushe. In ba wanda zai tambaye shi, me zai sa ya wahalar da kansa? Miƙaƙƙen layi ya fi sauƙin zanawa, katafila kuma ta fi tunani araha.

Suna cewa tsohon ginin ƙasa haɗari ne, rai ya fi tarihi. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba za mu yi wasa da shi ba. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ya rufta a kan masallata suna sallar La'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Babu wani gini a doron ƙasa da ya kai ran mutum ɗaya. Sai dai darasin da ke cikin wannan musiba shi ne a riƙa duba tsofaffin gine-gine a kan kari, a gyara su kafin su kai ga haka. Ginin ƙasa kamar jiki yake, yana son kulawa duk shekara. Maginanmu sun san wannan tun kafin a haifi siminti: sun san tubali, sun san azara, sun san makuba da laso da ke hana ruwa shiga. Saboda haka tsarin izini mai hankali dole ya bambanta mai son gyara da mai son rushewa. Mai gyara a buɗe masa hanya da gudu. Mai rushewa a sa shi ya yi ta hawa matakala. In aka haɗa su a layi ɗaya, mai gyara zai gaji ya bari, mai rushewa kuwa dama ba layin zai bi ba.

Suna cewa, to mai gida fa? Mutum ya gaji gida daga kakansa, gwamnati ta sa shi a rajista, ta hana shi rushewa, ta hana shi sayar wa mai gina filaza, ba ta kuma ba shi ko sisi na gyara ba. Wannan adalci ne? A'a, ba adalci ba ne, kuma mun ga inda irin wannan ke kaiwa. A Legas akwai wani gida da ake kira Ilojo Bar, kusa da dandalin Tinubu, ginin ƙarni na 19 irin na bayin da suka dawo daga Brazil. Tun 1956 aka ayyana shi kayan tarihi na ƙasa, kafin badalarmu ma. Gida ne na iyali, ya tsufa, aka daɗe ana ja-in-ja kan makomarsa. Ranar 11 ga Satumban 2016, ana jajibirin Babbar Sallah, ofisoshi a rufe, aka kawo katafila aka baje shi. Shekara 60 yana cikin rajista, rajistar ba ta tsare shi ko na wuni ɗaya ba. Darasi biyu ne a nan. Rajistar da ba ta zuwa da taimako tana mayar da mai gida abokin gaban gidansa. Sannan mai niyyar rushewa ya san lissafinsa: in hukuncin bai kai ribar ba, sai ya biya hukuncin ya ci ribar.

Wannan lissafin ne aka karya a Ingila. A Landan akwai wani tsohon gidan giya mai suna Carlton Tavern. Masu shi sun nemi izinin rushe shi su gina gidajen haya, aka hana su. Ana gab da sa shi a rajistar gine-ginen tarihi, a watan Afrilun 2015, sai suka yi riga-malam-masallaci suka rushe shi ba izini. Ƙaramar hukumar yankin ba ta tsaya kan tara ba. Ta ce a mayar da shi yadda yake, tubali bayan tubali, da kuɗin wanda ya rushe. Suka ɗaukaka ƙara, suka faɗi. A 2021 aka sake buɗe shi. Ku duba fa, gidan giya ne, wanda bai kai shekara 100 ba a lokacin da aka rushe shi. Ba muna yabon abin da ake sha a ciki ba ne, muna duban abin da hukuncin ya koya wa duk mai irin wannan niyya a garin: in ka rushe, ba za ka samu filin ba. Mu kuwa a nan, wanda ya rushe shi ke cin filin, har a zo a yanka masa zare ranar buɗewa.

In kuma wani ya ce wannan sai Turawa, to ya leƙa maƙwabta. Agadas ta Nijar garin ƙasa ne kamar tsohon birninmu, da hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27, duk ta ƙasa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mu kuwa tun 2007 aka sa badala da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa a jerin masu jiran layi, har yau muna nan a layin. Nijeriya duk girmanta wurare biyu take da su a wancan babban jeri, Sukur ta Adamawa tun 1999 da kurmin Osun na Osogbo tun 2005. Da wane ido za mu kalli masu tantancewa in sun zo? Mu nuna musu siminti mu ce ga ginin Rumfa?

Kafin mu gama nuna yatsa, mu tuna sauran yatsun mu suke kallo. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke ɗibar ƙasar badala yana yaɓen gidansa? Wa ya mayar da gindinta juji da makewayi? Filayen da aka yanka a jikinta, aljanu ne suka saya? Mu ne. 'Yan uwanmu ne, surukanmu ne, masu gidanmu ne. Kuma mu ne in gwamnatin da muke so ta rushe sai mu ce aiki ne, in wadda muke ƙi ta rushe sai mu tuna da tarihi. Muddin kishinmu na badala yana sauya launi duk shekara huɗu, babu mai mulkin da zai ji tsoronmu.

To me muke nema? Ba mu neman a hana taɓa komai. Muna neman izini ya zama izini na gaske, kuma ga siffarsa.

A fara da awo. A auna abin da ya rage na badala da ƙofofi, a kafa duwatsun iyaka, a fitar da taswira kowa ya gani, a liƙa ta a ofishin kowane hakimi da mai unguwa da abin ya shafa. Abin da ba a san iyakarsa ba, ba a iya cewa an ci iyakarsa.

Sannan a ɗaure takardun nan uku da igiya ɗaya. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin doka cewa duk takardar fili ko izinin gini da aka bayar a cikin waccan iyaka, ba tare da rubutacciyar amincewar hukumar kayan tarihi ba, matacciya ce tun ranar da aka buga mata hatimi, kuma jami'in da ya sa hannu zai amsa da sunansa. Wannan bai buƙatar jiran Abuja.

Duk buƙatar rushewa ko babban sauyi ta fito fili. A kafa allo a wurin, a sanar a rediyo da Hausa, a ba da wa'adi isasshe, ko da wata biyu ne. A zauna a saurari mutanen unguwa, da sarakunan ƙofa, da magina, da masarauta, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da masanan Jami'ar Bayero. Mai nema ya nuna hanyoyin da ya gwada kafin ya kai ga rushewa. In an yanke hukunci, a buga shi da dalilansa da sunan wanda ya sa hannu. In har rushewar ta zama dole, a auna ginin, a zana shi, a ɗauki hotonsa ciki da waje kafin a taɓa shi.

Izinin gyara kuwa ya zama kyauta, ya fita cikin 'yan kwanaki, musamman gabanin damina, tare da shawarar magini da ya san aikin ƙasa. A ware wani abu a kasafi domin taimaka wa masu gidajen da ke cikin rajista. Wanda aka ɗora wa nauyin riƙe tarihin kowa, bai kamata ya ɗauka shi kaɗai ba.

'Yan majalisarmu na tarayya su tashi su gyara hukuncin 1979. Wanda ya rushe ba izini ya mayar da ginin da irin kayan da aka yi shi, da kuɗinsa, kuma kada a taɓa ba shi izinin gina wani abu dabam a wurin. Kamfanin da ya kawo katafila a hana shi kwangilar gwamnati. Gwamna yana da rigar kariya a tsarin mulki, amma kwamishina da darakta da ɗan kwangila ba su da ita. Ranar da ɗan kwangila ya fara cewa "ranka ya daɗe, a nuna mini takardar hukumar tarihi tukuna", ranar badala ta samu mai gadi.

A ƙarshe, dokar ta hau kan gwamnati kafin ta hau kan kowa. Gwamnatin da ke shafa wa talaka jan fenti saboda ya fitar da baranda ba izini, ita ma ta je ta bi layi in tana son taɓa abin da ba nata ba.

Akwai abin da za mu iya yi tun yanzu, ba sai mun jira kowa ba. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardu daga hukumar tarayya, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. NCMM hukumar tarayya ce. Lauyoyin cikinmu su taimaka a rubuta wasiƙa ɗaya, gajeriya, cikin ladabi: a ba mu kwafin duk izinin da aka bayar na rushewa ko sauya wani ɓangare na badalar Kano da ƙofofinta daga 2010 zuwa yau. In takardun suna nan, za mu san wa ya sa hannu, mu tambaye shi dalili. In babu su, to mun samu amsa a rubuce cewa abin da aka yi ba bisa doka aka yi shi ba, kuma da wannan amsar ake zuwa majalisa, da ita ake zuwa kotu. Masu zaune kusa da abin da ya rage, a Kansakali ko Dukawuya ko Waika ko ina ne, ku ɗauki hotonsa da kwanan wata ku ajiye. Ranar da aka ce dama ba komai a wurin, hotonku ne shaida.

Ƙofar Na'isa ta tafi, siminti ba zai dawo da ita ba. Amma akwai sauran da ke tsaye, kuma muna da yaƙinin akwai wanda ke kallonsu yanzu haka yana lissafin shago nawa za su fitar. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mutanen da suka ɗauki ƙasar nan a ka, kwando bayan kwando, ba su san sunayenmu ba, amma sun gina mana. Mafi ƙarancin abin da za mu yi musu shi ne, kafin wani ya rushe, ya tsaya a gabanmu ya faɗi sunansa da dalilinsa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya ba shugabanninmu kunnen sauraro. Sai mun ji daga gare ku.